Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Tabarmar Rawa da Wasan Bin Kiɗa Don Amfanin Gida

Mutane da yawa sukan fara sha'awar wannan wasa ne bayan sun ga wani yana tattaka kibiyoyi a gidan wasanni, ƙafafunsa na tafiya da kiɗa kamar an ɗaure su tare. Da an zo maganar kawo shi gida kuwa, sai a tarar tabarmin iri-iri ne, wasannin ma haka, kuma ba kowace tabarma ce take aiki da kowane wasa ba. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda mai niyyar saye ya fi cin karo da su.

Mece ce tabarmar rawa, kuma yaya ake wasa da ita?

Tabarmar rawa abin sarrafa wasan bidiyo ce da ake dannawa da ƙafa maimakon yatsu. An raba fuskarta gida tara, uku a jere sau uku, kuma a irin da aka fi sani gidaje huɗu ne ke ɗauke da kibiyoyi, wato sama, ƙasa, hagu da dama. A ƙarƙashin kowace kibiya akwai sensa, ɗan abin da ke jin nauyin ƙafa ya sanar da na'ura cewa an taka. Yayin da waƙa take tafiya, kibiyoyi suna hawowa daga ƙasan allo zuwa wasu da ke tsaye a sama, aikin ɗan wasa shi ne ya taka wadda ta dace a daidai lokacin da mai hawowa ta hau kan ta tsaye. Na'ura tana auna tazarar da ke tsakanin takun da bugun kiɗan, ta ba da maki gwargwadon ƙarancin tazarar.

Kamfanin Konami na Japan ne ya yaɗa wannan salo da wasansa Dance Dance Revolution, wanda ake taƙaitawa DDR. Ya fito a gidajen wasanni a 1998, aka kawo shi na'urar PlayStation tare da tabarmar roba a 1999, a Turai kuma an daɗe ana sayar da shi da sunan Dancing Stage.

Da wanne ya kamata a fara yanke shawara, tabarma ko wasa?

Wasa. Shi ne yake faɗin yawan kibiyoyin da ake bukata, da inda suke zaune a kan tabarma, da irin bakin wayar da za ta shiga na'ura. Wanda ya fara sayen tabarma don kawai ta yi masa kyau a hoto yakan dawo yana neman wasan da zai karɓe ta, wani lokaci ma ya rasa. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya duba na'urar da yake da ita a gida, kwamfuta ce ko tsohuwar na'urar wasa, sannan ya duba wasannin da ke tafiya a kanta, daga nan ne zai nemi tabarmar da ta dace da su.

Mene ne bambancin tabarma mai kibiya huɗu da mai biyar?

Mai huɗu ita ce ta DDR da danginsa. Mai biyar ta samo asali ne daga Pump It Up, wasan kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu da ya fito a 1999, kuma kibiyoyinta suna kusurwoyi huɗu ne, na biyar yana tsakiya. Wannan canjin wuri yana sauya motsin jiki gaba ɗaya, domin taka kusurwa yana sa ƙugu ya riƙa juyawa, ƙafa kuma ta yi tafiya mai ɗan nisa, har wasu suna ganin ya fi kama da rawa ta gaske. Akwai kuma tsari na uku, na StepManiaX, wanda kamfanin Step Revolution na Amurka ya fitar a 2017: kibiyoyi huɗu irin na DDR, an ƙara musu gidan tsakiya.

Ga mai farawa a gida, mai huɗu ta fi sauƙin samu, kuma waƙoƙin da aka tsara mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wasu tabarmin roba suna da sensa a kusurwoyi ma, abin da ke sa a zaci za su yi duka biyun, amma sai an tabbatar gidan tsakiya yana aiki kafin a ce za su yi Pump It Up, domin a yawancinsu babu komai a wurin.

Waɗanne wasanni ne ake iya yi a gida a yau?

Hanyoyi uku ne a buɗe. Ta farko ita ce tsofaffin na'urorin wasa. PlayStation 2 ce ta fi kowace yawan fitowar DDR, akwai kuma Wii da Xbox 360 da PlayStation 3, kuma Konami ya daina fitar da sababbin DDR masu tabarma a irin waɗannan na'urori tun wajen 2011. Amfaninsu shi ne an gama tsara komai, a saka faifai a taka. Illarsu kuwa ita ce waƙoƙin ba sa ƙaruwa, kuma haɗa su da talabijin na zamani yakan jawo jinkirin da za a yi bayaninsa a gaba. Mai neman Wii ya lura da wani abu da yake yawan kama mutane: tabarmin DDR na Wii suna shiga ne ta ramukan hannun wasa na GameCube, na'urar da ta gabaci Wii, kuma samfurin Wii da aka fara fitarwa a ƙarshen 2011 ba shi da waɗannan ramuka.

Ta biyu ita ce manhajar StepMania a kwamfuta, wadda Chris Danford ya fara a 2001. Kyauta ce, tushenta a buɗe yake ga kowa, tana tafiya a Windows da macOS da Linux, kuma ba ta bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Daga gare ta aka samu rassa: ITGmania, wadda masu taka kibiya huɗu da gaske suka fi rungumar ta, Project OutFox, mai ɗaukar tsare-tsare da yawa har da na kibiya biyar, da Etterna, wadda aka yi domin masu bugawa da yatsu a kan madannan kwamfuta, don haka ba ita mai tabarma yake nema ba. Haruffan ITG ɗin nan daga In the Groove suke, wasan da kamfanin Roxor ya gina a kan StepMania a 2004, Konami ya kai shi kotu a 2005, aka sasanta a 2006 haƙƙin wasan ya koma hannun Konami. Wasan ya tsaya, amma sunansa ya zauna a kan salon tsara taku da har yau ake yi.

Ta uku ita ce DDR Grand Prix, wanda Konami ya fitar domin kwamfuta mai Windows a 2021. Shi ne mafi kusa da abin da ke gidajen wasanni, sai dai yana bukatar intanet yayin wasa, da biyan kuɗin wata, wasu tarin waƙoƙin ma sai an saya daban.

A ganina, wanda yake da kwamfuta kuma bai damu da ya ɗan zauna ya saita abubuwa na yini guda ba, dangin StepMania ne suka fi masa riba, domin tabarmar USB ɗaya za ta yi masa aiki shekaru ko da ya canza kwamfuta.

Just Dance ma ai wasan rawa ne. Yana amfani da tabarma?

Ba ya amfani da ita. Wasan, wanda Ubisoft ya fara fitarwa a Wii a 2009, yana bin motsin hannu ne ta abin da aka riƙe, ko ta waya, ko ta kyamara a wasu na'urori. Wanda burinsa shi ne a taru a kwaikwayi rawar da ke allo a yi dariya, wannan ya ishe shi. Wanda yake son a auna masa daidaiton takunsa da kiɗa kuwa, tabarma yake nema.

Tabarmi iri nawa ne, kuma me ya bambanta su?

Uku ne a dunƙule. Akwai siririyar tabarmar roba mai naɗewa, irin wadda ake haɗawa da wasannin na'ura a kwali ɗaya. A cikinta akwai shimfiɗu biyu masu ɗauke da layukan wutar lantarki, an raba su da siririn soso mai huji-huji, idan aka taka sai su haɗu ta hujin. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba ta cin wuri. Matsalarta ita ce tana zamewa, tana tattarewa ƙarƙashin ƙafa, kuma ƙafa ba ta jin iyakar gida da gida, don haka mutum yakan gusa daga tsakiya bai sani ba, sai ya ga yana taka inda babu kibiya. Yawan ninke ta a wuri ɗaya kuma yana karya layukan ciki, daga nan ta fara ƙin jin taku, ko ta riƙa aika takun da ba a yi ba.

Akwai mai soso, wadda tsarin sensarta ɗaya ne da na siririyar, amma an yi mata zif a gefe an cusa soso mai tauri, kaurinsa kusan santimita biyu da rabi. Sau da yawa ana ɗan ɗaga gidajen kibiyoyin yadda tafin ƙafa zai gane su ba sai an duba ƙasa ba. Nauyin soson yana rage zamewa, taushinsa yana sauƙaƙa wa gwiwa, yana kuma rage ƙarar da ke sauka ƙasa. RedOctane Ignition ce ta yi suna a wannan aji a zamanin PlayStation 2, kuma yawancin na yanzu kwaikwayon fasalinta ne.

Sai dandamali mai tauri, na katako da roba mai ƙarfi ko na ƙarfe. A nan ma akwai hawa-hawa. Na kamfanin L-TEK na ƙasar Poland, alal misali, farantin kowace kibiya yana ɗan lanƙwasawa ne ya taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa tsakiyar farantin ta fi gefensa saurin ji, har masu shi sukan buɗe su ƙara ɗan tudu a ciki don gefen ma ya ji. Injin gidan wasanni kuwa yana da sensa huɗu a kowace kibiya, ɗaya a kowane gefe. Waɗansu dandamalai na zamani suna amfani da sensar da ke auna ƙarfin matsi, wadda ake iya ƙara mata ji ko a rage daga cikin kwamfuta ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya ba. Dandamali mai tauri ba ya zamewa, yana daɗewa, ana kuma iya gyara shi, amma yana da tsada, yana da nauyi, yana da ƙara, kuma babban na ƙarfe mai sandar dafawa ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗauka.

To wanne ya kamata mai farawa ya saya?

Idan ba a tabbatar za a ɗore da wasan ba, mai soso mai bakin USB ita ce madaidaiciya. Siririyar roba tana iya sa mutum ya tsani wasan tun bai san shi ba, saboda zai riƙa ɗora wa kansa laifin kuskuren da na tabarma ne. Dandamalin ƙarfe kuma babban kashe kuɗi ne a kan abin da wataƙila bayan wata biyu zai koma ƙarƙashin gado.

Lissafi kaɗan yana nuna inda iyakar mai soso take. Waƙa mai bugu 150 a minti, idan ana taka kowane bugu, taku biyu da rabi ke nan a daƙiƙa, kowace tabarma za ta iya. Idan aka raba bugun biyu, taku biyar ne a daƙiƙa, mai soso tana iyawa in an kafe ta da kyau. Idan aka raba shi huɗu, taku goma ke nan a daƙiƙa, kuma a nan soso ba ya gama dawowa daga taku ɗaya kafin na gaba ya sauka, tabarmar ma tana tafiya. Ranar da mutum ya ga yana karanta kibiyoyin daidai, ƙafarsa na sauka daidai, amma na'ura tana cewa ya kuskure, ranar ce ya kamata ya fara tunanin dandamali mai tauri. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Akwai tabarmin da ake haɗawa da talabijin kai tsaye, wasanni na cikinsu. Suna da kyau?

A matsayin abin wasan ƙananan yara na ɗan lokaci, ba laifi. A matsayin wasan bin kiɗa kuwa, yawancinsu ba su kai ba, domin sau da yawa kibiyoyin ba sa tafiya daidai da bugun waƙar, ba a iya gyara jinkiri, ba a kuma iya ƙara waƙoƙi masu kyakkyawan tsari. Wanda ya koyi taku a kan kibiyoyin da ba su dace da kiɗa ba yana koyon sauraron ido ne ya bar kunne, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan irin wannan tabarma tana da bakin USB da kwamfuta ke ganewa, to ana iya watsar da wasannin cikinta a yi amfani da ita da StepMania.

Na haɗa tabarmata da kwamfuta, kowace kibiya tana aiki, amma in na taka hagu da dama tare babu abin da ke faruwa. Ta lalace ne?

Galibi lafiyarta ƙalau, matsalar daga yadda kwamfuta take karanta ta ne. Hannun wasa na yatsu an yi shi ne bisa tunanin cewa ba mai danna hagu da dama a lokaci ɗaya, saboda haka yakan aika su a matsayin ɓangarori biyu na layi guda, in an danna duka sai su kashe juna ko ɗaya ya rinjayi ɗaya. A wasan rawa kuwa tsalle a kan hagu da dama, ko sama da ƙasa, abu ne da ake yawan yi. An fi samun wannan matsala idan aka haɗa tsohuwar tabarmar PlayStation da kwamfuta ta hanyar adafta mai araha, ko da yake wasu tabarmin USB ma suna da ita.

Maganinta shi ne adaftar da ke aika kowace kibiya a matsayin maɓalli mai zaman kansa. Wasu adaftoci suna da yanayi na musamman domin tabarma, wanda ake kunnawa ta danne wasu maɓallai tare na 'yan daƙiƙu, don haka a karanta takardar da ta zo da su kafin a yar. Kafin saye kuma, wannan ita ce tambaya ta farko da za a yi wa mai sayarwa. In tabarmar ta iso, a buɗe shafin gwajin maɓallai da ke cikin StepMania, a taka hagu da dama tare, sannan sama da ƙasa tare, a ga ko duka biyun sun haska.

Ina jin ina taka daidai da kiɗa, amma wasan yana cewa na makara. Me ke jawo haka?

Jinkiri ne, kuma shi ne babban abin da ke ɓata wannan wasa a gida. A saitin StepMania na asali, maki mafi girma yana ga wanda ya taka cikin kusan milisakan 22 kafin bugu ko bayansa, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ɗaukar kusan milisakan 17 a kowane hoto. Ke nan jinkirin hoto biyu kacal ya isa ya fitar da mutum daga sahun farko ko da kunnensa da ƙafarsa ba su yi kuskure ba.

Wurare uku jinkirin yake fitowa. Talabijin na zamani yana gyara hoto kafin ya nuna shi, yana ƙara masa santsi da haske, kuma wannan aiki yana cin lokaci. Kusan kowane talabijin yana da yanayin wasa a cikin saitinsa wanda ke kashe waɗannan gyare-gyare, a kunna shi. Abin ya fi muni idan tsohuwar na'ura irin PlayStation 2 ce aka haɗa ta wayar nan mai kai rawaya da fari da ja, domin sai talabijin ya faɗaɗa hoton tukuna, shi ya sa masu tsofaffin na'urori har yau suke neman talabijin mai ƙeya, wanda kusan ba shi da jinkiri. Na biyu shi ne sauti. Lasifika ko abin kunne na Bluetooth sau da yawa yana makara da fiye da milisakan 100, kuma makararsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, don haka a yi amfani da mai waya. Na uku ita ce tabarmar kanta, musamman marar waya.

Bayan an rage abin da za a iya ragewa, sauran sai a daidaita shi a cikin wasa. Dangin StepMania suna da wurin auna jinkirin na'ura, inda mutum zai taka yana bin bugu da kunnensa, manhajar ta lissafa matsakaicin makararsa ta gyara. A yi wannan awo da ido a rufe ko a kau da kai daga allo, domin kunne ake so a auna. Duk sanda aka canza lasifika ko talabijin, sai an sake.

Ana rubuta 125Hz ko 1000Hz a bayanin wasu dandamalai. Yana da muhimmanci?

Adadin yana nuna sau nawa kwamfuta take tambayar tabarma a daƙiƙa ko an taka. A 125, tsakanin tambaya da tambaya milisakan 8 ne, a 1000 kuwa milisakan 1. Mai farawa ba zai ji bambancin ba. Mai farautar maki mafi girma a kowane taku zai gan shi a sakamakonsa.

Yaya za a hana tabarmar roba zamewa?

A kan tayil ko siminti mai santsi, shimfiɗar roba mai kama ƙasa irin wadda ake sa wa ƙarƙashin darduma tana taimakawa. Gyaran da ya fi ɗorewa, wanda 'yan wasa suka daɗe suna yi, shi ne a samo falankin katako da ya ɗan fi tabarmar faɗi, a shimfiɗa ta a kai a miƙe ta sosai, a manne gefunanta da tef mai ƙarfi, sannan a rufe ta da leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, a naɗe ledar ta ƙarƙashin katakon a kafe. Kada ƙusa ko fil ya ratsa jikin tabarmar, domin layukan wuta suna bi har gefe. Wannan yana hana tattarewa, yana kuma tsawaita kwananta, sai dai daga nan ba ta naɗuwa, sai a jingine ta a bango.

Wane irin fili ake bukata, kuma yaya za a yi da maƙwabtan da ke ƙasa?

Kowane gida na injin gidan wasanni inci 11 ne, kusan santimita 28, gida uku ke nan kusan santimita 84 a kowane gefe, kuma tabarmin gida masu kyau suna bin wannan awo. Waɗanda aka ƙanƙanta domin yara suna koya wa ƙafa tazarar da ba za ta yi amfani a wani wuri ba. A bar aƙalla taku guda na fili a kowane gefe, a kawar da tebur mai kaifin kusurwa, a kuma duba sama ko akwai fanka.

Maganar ƙara kuwa, abin da ke damun na ƙasa shi ne girgizar da ke bi ta cikin ginin, kuma rage sautin waƙa ba ya taɓa ta. Shimfiɗar soso mai kauri irin ta ɗakin motsa jiki, ninki biyu a ƙarƙashin tabarma, tana ragewa amma ba ta kawarwa. Abin da ya fi tasiri shi ne salon takun kansa, domin gwanaye ba sa buga ƙafa, suna zame ta ne kusa da ƙasa su danna da ɗan nauyi. Sauran kuma sai a zauna da maƙwabci a tsayar da lokacin da ba zai takura masa ba.

Da takalmi ake yi ko ba takalmi?

A kan tabarmar roba da mai soso, ƙafa tsirara ko safa mai ɗan kama ƙasa, domin takalmi yana yaga fuskarta. A kan dandamali mai tauri, takalmin motsa jiki marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen tafi, saboda akwai sukurori da gefunan ƙarfe, kuma taurin yana gajiyar da diddige.

Sandar dafawa ta baya dole ce?

Ba dole ba ce ga mai koyo, gara ma ya fara ba tare da ita ba domin ya koyi riƙe nauyinsa. A matakai masu sauri sosai kuwa kusan kowa yana dafa ta, saboda tana ɗauke wa ƙafafu wani ɓangare na nauyin jiki. Wasu a gida suna juya kujera mai nauyi su dafa bayanta. In za a yi haka, a tabbatar an jingine ta da bango yadda ba za ta gudu ba.

Ina ake samun waƙoƙin StepMania, kuma halal ne a doka?

Kowace waƙa babban fayil ne da ya ƙunshi sautin, da hoto, da fayil ɗin taku mai ƙarewa da .sm ko .ssc, wanda ke faɗin wace kibiya za ta fito a wane bugu. Masu sha'awa ne suke tsara su su tara su rukuni-rukuni. Manhajar kanta halal ce, amma sautin waƙa yana da mai shi, kuma rarraba shi ba da izininsa ba keta haƙƙin mallaka ne a dokokin yawancin ƙasashe. Akwai tarin da mawaƙansu suka yarda a raba, akwai kuma hanyar da mutum zai tsara wa waƙar da ya mallaka taku da kansa, domin manhajar tana da wurin yin haka. Tsarin da mutum ya zauna ya yi da kunnensa ya fi wanda manhaja ta zuba kai tsaye daɗin takawa, domin mai tsarawa yana tunanin wace ƙafa ce za ta sauka a ina.

Me lambobin wahala suke nufi, kuma daga ina mai koyo zai fara?

Tsofaffin DDR suna auna wahala daga 1 zuwa 10, daga DDR X na 2008 kuma aka faɗaɗa ma'aunin zuwa 20, saboda haka lamba 8 a tsohon wasa ta fi 8 a sabo wuya sosai. Tarin waƙoƙin salon ITG suna da nasu ma'aunin da ya ɗora a kan tsohon. Kafin a zaɓi waƙa, a san da wane ma'auni aka auna ta.

Mai koyo ya fara daga 1 zuwa 3, ya kuma yaƙi kuskuren da kusan kowa yake yi a makon farko, wato mayar da ƙafa tsakiya bayan kowane taku. Wasan ba ya hukunta wanda ya bar ƙafarsa a kan kibiya, don haka a bar ta inda ta sauka har sai an bukace ta a wani wuri, a kuma riƙa musanya ƙafa, dama sannan hagu, kamar mai tafiya. Abu na biyu da ke taimakawa shi ne ƙara gudun kibiyoyi a saiti. Da farko yana kama da ƙara wa kai wahala, amma waƙar ba ta ƙara sauri, kibiyoyin ne kawai suke warwatsuwa su daina cunkushewa, ido ya samu damar karanta su. A zaɓi kuma fasalin kibiyoyin da ke canza launi bisa matsayinsu a kiɗa, inda ja yake kan bugu, shuɗi kuma a tsakanin bugu biyu.

Wasan yana iya zama motsa jiki na gaske? Yara fa?

Yana iyawa, gwargwadon matakin da ake takawa da daɗewar da ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a rana, kuma rabin awa a matsakaicin mataki yana sa numfashi ya hau, gumi ya karyo. A 2006 jihar West Virginia ta Amurka ta sanar da shirin shigar da DDR makarantunta na gwamnati 765 domin yaƙi da ƙibar yara. Wasan yana aiki da ƙafafu da zuciya ne, hannuwa da kafaɗu ba sa samun wani abin kirki.

A fara da waƙoƙi biyu ko uku masu sauƙi kafin a hau masu wuya, domin ƙwauri da idon sawu ne suke fara kuka in an yi gaggawa. Mai ciwon gwiwa ko na zuciya, da mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna. Wanda walƙiyar haske take tayar masa da farfaɗiya ya kashe bidiyon da ke bayan kibiyoyi, ana iya mayar da bayan baƙi a saiti. Ƙananan yara kuma nauyinsu ba koyaushe yake isa ya danna dandamali mai tauri ba, mai soso ta fi jin takunsu.

Me za a duba idan ta hannu za a saya?

Gani ya kori ji, a nemi a haɗa ta a gwada a gaban mai saye. A taka kowace kibiya a tsakiya da kusurwoyinta huɗu, a tsaya a kanta na 'yan daƙiƙu a ga ko hasken yana ɗaukewa, domin akwai dogayen kibiyoyi da ake riƙewa da ƙafa, kuma sensa mai yankewa tana zubar da su. A sauka gaba ɗaya a ga ko wata kibiya tana haskawa da kanta. A murza wayar a daidai inda ta shiga jikin tabarma, nan ne take fara karyewa. A tabarmar roba, farin layi a wurin ninki alama ce ta cewa cikin ya gaji. A dandamali mai tauri, a tambayi akwatin sarrafawa, ɗan akwatin da ke tsakanin dandamalin da na'ura, domin na wasu kamfanonin da suka rufe, irin su Cobalt Flux, ba ya samuwa da sauƙi, kuma in babu shi sai an nemi wanda zai haɗa wani.

Ya kamata a sayi biyu tun farko?

Tabarma biyu suna ba da damar mutum biyu su yi gasa, suna kuma buɗe salon da mutum ɗaya yake yawo a kan kibiya takwas. In za a yi haka, su zama iri ɗaya, tsayinsu ɗaya daga ƙasa, don kada ƙafa ta yi tuntuɓe a tsakani, kuma a gwada su tare a kwamfuta, saboda wani lokaci takan rikita biyun ta mayar da ta hagu dama bayan an kashe an kunna. Sanya kowace a ramin USB ɗinta na dindindin yakan rage wannan, in kuma ya faru, sake saita maɓallan a cikin wasa bai wuce aikin minti ɗaya ba.